Yadda Turanci ya game duniya: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke yawan dawowa a bakin iyayen yara, da ɗalibai masu shirin jarrabawa, da malaman makaranta, da masu niyyar fita waje karatu ko neman aiki. Duk inda aka ce Turanci a nan, Ingilishi ake nufi, harshen Ingila da Amurka.

1. Mutum nawa ne ke jin Turanci a duniya?

Ƙididdigar da aka fi kafa hujja da ita tana sa adadin a wajen mutum biliyan 1.5. Daga cikinsu, waɗanda suka tashi da shi a gida, suka sha shi a nono, ba su wuce miliyan 400 ba. Ke nan a cikin kowane mutum huɗu masu Turanci, wajen uku koyonsa suka yi bayan sun riga sun iya harshen iyayensu. Idan 'yan asali kawai za a ƙirga, Sinancin Mandarin ya fi shi jama'a nesa ba kusa ba, Sifaniyanci ma yana gabansa. Ƙarfin Turanci yana hannun baƙinsa ne.

Adadin yana hawa ko sauka bisa abin da mai ƙirga ya ɗauka a matsayin iya harshe. Mai shago a Dubai da ya iya ciniki da faɗin farashi, da farfesan da ke rubuta littafi, duk sukan faɗa cikin lissafi ɗaya.

2. Mene ne bambancin harshe na biyu da harshen waje?

Harshe na biyu shi ne wanda ba a haife ka da shi ba, amma yana da aiki a cikin ƙasarka: da shi ake shari'a a kotu, da shi ake rubuta takardun gwamnati, da shi ake jarrabawa. Haka Turanci yake a Najeriya, Ghana, Kenya, Indiya, Pakistan, Singafo da Filifin. Harshen waje kuwa darasi ne a aji, ana koyonsa don hulɗa da baƙi, amma rayuwar ƙasa tana tafiya ba tare da shi ba, kamar yadda yake a Japan, Brazil ko Turkiyya.

Wani masanin harshe ɗan asalin Kashmir, Braj Kachru, ya zana wannan a 1985 da da'ira uku. Ta ciki ita ce ƙasashen asali irin su Birtaniya, Amurka, Kanada da Ostireliya. Ta tsakiya ƙasashen da mulkin mallaka ya bar musu harshen. Ta waje kuma sauran duniya mai koyonsa don buƙata. Rabon yana taimakawa, sai dai iyakokinsa sun fara gogewa: a Holan da Sweden Turanci ba harshen hukuma ba ne, amma talakan can ya fi talakan ƙasashe da yawa na da'ira ta biyu jinsa.

3. Ta yaya harshen tsibiri guda ya kai wannan matsayi?

Asalinsa yaren wasu ƙabilu ne da suka haye zuwa tsibirin Birtaniya daga arewacin Jamus da Denmak na yau a ƙarni na 5. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada na ɗaruruwan shekaru, Turanci ya koma na talakawa. Har zuwa wajen shekara ta 1600 masu magana da shi ba su kai yawan mutanen jihar Kano a yau ba.

Daga nan sai jiragen ruwa. An kafa Kamfanin Gabashin Indiya a 1600, Turawan Ingila suka kafa matsuguni a Jamestown ta Amurka a 1607, suka sauka Ostireliya a 1788. A wasu wuraren sun je sun zauna sun danne 'yan ƙasa, a wasu kuma mulki da ciniki suka kai su, sai suka buƙaci akawu da tafinta. A Indiya, Thomas Macaulay ya rubuta wata shahararriyar takarda a 1835 yana ba da shawarar a zuba kuɗin ilimi a koyarwa da Turanci, don a samar da wani rukuni na 'yan ƙasa da za su tsaya tsakanin masu mulki da miliyoyin da ake mulka. Wannan tunani ya bi daular kusan ko'ina.

Da daular Birtaniya ta fara sanyi, sai ga Amurka ta miƙe, ita ma da harshen. Yarjejeniyar Basai (Versailles) ta 1919, wadda ta rufe Yaƙin Duniya na Ɗaya, an rubuta ta da Faransanci da Turanci, alhali a da Faransanci ne kaɗai harshen diflomasiyya. Bayan 1945 kuma dala, da fina-finan Hollywood, da kamfanonin mai, da jami'o'in Amurka, da kwamfuta, duk suka zo da shi. Sa'ar da Turanci ya yi ita ce dauloli biyu mafiya ƙarfi a zamaninsu sun gaji juna suna magana da harshe ɗaya.

4. Ba don ya fi sauran harsuna sauƙi ba ne ya bazu?

A'a. Duk wanda ya sha fama da rubutun Turanci ya san ba shi da sauƙi. Baƙaƙensa 26 ne, sautukansa kuwa sun kai 44, don haka rubutu da furuci ba sa tafiya tare. Dubi *though* da *through* da *tough*: ƙarshensu ɗaya a takarda, a baki kowace da nata. Yaron da ya koyi bokon Hausa yana iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba cikin ɗan lokaci, na Ingila kuwa yakan ɗauki shekaru yana haddar kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

Latin da Larabci suna da nahawu mai zurfi, amma sun mamaye nahiyoyi a zamaninsu. Esperanto, wanda wani likitan ido mai suna Zamenhof ya ƙirƙira a 1887 musamman don ya zama mai sauƙi, bai samu ko ƙasa ɗaya ba. Harshe yana bin ƙarfin masu shi ne: soja, kasuwa, addini ko ilimi (duba tambaya ta 3).

5. Me ya sa ƙasashe ba su yar da shi ba bayan samun 'yancin kai?

Wasu sun yi niyya. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya ba Turanci wa'adin shekara 15, daga nan Hindi ta gaje shi. Da wa'adin ya cika a 1965, sai kudancin ƙasar ya kama da wuta, musamman yankin Tamil, inda mutane suka ga cewa Hindi za ta fifita 'yan arewa a aikin gwamnati. An rasa rayuka, aka gyara doka a 1967, Turanci ya ci gaba da zama har yau. Darasin da ke ciki shi ne a ƙasa mai harsuna da yawa, baƙon harshe yakan zama wanda kowa ya fi iya haƙuri da shi, tunda ba na kishiya ba ne.

Najeriya mai harsuna fiye da 500 tana cikin wannan hali. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa, Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Tanadin bai zo ba. Tanzaniya ce ta yi nisa a ɗaya hanyar: Julius Nyerere ya ɗaukaka Swahili ya zama harshen majalisa da firamare, amma ko a can sakandare da jami'a da Turanci ake yi.

Akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. Waɗanda suka karɓi mulki daga Turawa su ne waɗanda suka yi boko, kuma Turanci ne jarinsu. Da wuya mutum ya rushe tsanin da ya hau.

6. To ƙasashen da Ingila ba ta taɓa mulka ba, me ya kai su?

Kasuwa da aikin yi. Sin ta sa Turanci a manhajar firamare daga aji uku tun 2001. Japan ta mai da shi cikakken darasi a aji biyar da shida a 2020, kuma tun 2010 kamfanin Rakuten na can ya umarci ma'aikatansa su riƙa aiki da shi. Ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, ASEAN, da shi take taro. Tarayyar Turai tana da harsunan hukuma 24, Birtaniya ta fice a 2020, amma Turanci bai bi ta ba, don shi ne abin da ɗan Poland da ɗan Fotugal suke haɗuwa a kai.

A Afirka siyasa ta shiga ciki. Ruwanda ta sauya harshen koyarwa daga Faransanci zuwa Turanci a 2008, ta shiga ƙungiyar Commonwealth a 2009. Gabon da Togo, dukansu renon Faransa, sun shiga a 2022, shekarar da Aljeriya ta fara koyar da Turanci a firamare. A Nijar, kundin mulkin da aka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. A irin waɗannan ƙasashe, karɓar Turanci wata hanya ce ta rage dogaro da Faransa.

7. A waɗanne fannoni ne ba makawa sai da shi?

Na farko sufurin jiragen sama. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta shar'anta wa matuƙa da masu ba jirage hanya a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa su kai wani mataki na iya Turanci, mataki na 4 cikin 6. Ba ado ba ne. Haɗarin da ya fi kowane muni a tarihin jiragen sama, wanda ya faru a tsibirin Tenerife a 1977 ya ci rayuka 583, rashin fahimtar magana ta rediyo na cikin musabbabansa. Jiragen ruwa ma suna da jerin jimlolin Turanci da aka amince da su a 2001.

Na biyu kimiyya. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, mai son zurfafa a ilimin sinadarai sai ya koyi Jamusanci. Yau mafi yawan mujallun bincike da ake ji da su da Turanci suke fita, har Bajamushe da Bafaranshe da shi suke rubutu. Wannan ya sauƙaƙa musayar ilimi, amma ya ɗora wa masanin Masar ko Koriya nauyin da takwaransa na Landan bai san da shi ba: sai ya yi binciken, sannan ya yi kokawa da harshen. Na uku intanet, inda kusan rabin shafukan da ke akwai da Turanci aka rubuta su, kuma kalmomin da ake rubuta manhajar kwamfuta da su daga gare shi aka ɗebo.

8. Wane Turanci ne daidai, na Ingila ko na Amurka? Namu fa?

Turanci ba shi da wata hukuma da ke yanke hukunci a kansa, irin wadda Faransanci yake da ita tun 1635. Na Ingila da na Amurka sun bambanta a rubutun wasu kalmomi da furuci, kuma kowanne daidai ne a wurinsa. Abin da ake so ga ɗalibi shi ne ya riƙe ɗaya a rubutunsa, kada ya gauraya. Makarantun Najeriya da Ghana tsarin Ingila suka gada.

Na Indiya, na Singafo da na Najeriya su ma sun zama nau'o'i masu ƙa'idarsu. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da *danfo*, *okada* da *Kannywood*, daga baya *suya* da *japa* suka bi. Burokan kuwa harshe ne mai zaman kansa da nahawunsa, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Marubucin nan Chinua Achebe tun a shekarun 1960 ya tsaya a kan cewa ɗan Afirka yana da ikon lanƙwasa Turanci ya ɗauki kayan rayuwarsa, yayin da Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya ga cewa ba a nan gizo ke saƙa ba, ya koma rubuta ƙagaggun labaransa da Gikuyu.

Game da lafazi, babu abin kunya don an ji Hausa a bakin Bahaushe yana Turanci, kamar yadda ake jin Faransanci a bakin Bafaranshe. Abin lura shi ne sautukan da ke sauya ma'ana, irin *p* da *f* da muke yawan musanyawa. Wannan abu ne mai gyaruwa ga mai naci. Tunda yawancin waɗanda za ka yi magana da su ba 'yan asali ba ne (tambaya ta 1), a fahimce ka ya fi kwaikwayon muryar Landan amfani.

9. Me ya sa ake neman jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS daga wanda ya yi dukan karatunsa da Turanci?

Wannan tambaya tana da zafi, kuma masu yin ta suna da gaskiya. Jerin ƙasashen da hukumomin shige da fice na Birtaniya suka ɗauka a matsayin masu rinjayen Turanci ya ƙunshi Amurka, Ostireliya, Jamaika da Barbados, amma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Hujjarsu ita ce a ƙasashenmu Turanci harshe na biyu ne ga mafi yawan jama'a (tambaya ta 2). Sakamakon shi ne wanda ya yi digiri da Turanci a Zariya ko Accra yakan biya kuɗi mai yawa don ya tabbatar yana jin harshen da aka koyar da shi tun yana yaro.

An fara TOEFL, makamanciyarta ta Amurka, a 1964, IELTS kuma a 1989. IELTS tana gwada saurare, karatu, rubutu da magana, makinta yana tsayawa a 9, kuma sakamakon shekara biyu yake aiki. Kafin ka biya, ka rubuta wa jami'ar da kake nema ka tambaya, domin da yawa daga cikinsu suna karɓar kiredit na Turanci a WAEC, wasu kuma takardar shaida daga tsohuwar jami'arka cewa da Turanci aka koyar da kai.

10. Ya kamata a fara koyar da yaro da Turanci tun aji ɗaya?

A nan ne iyaye suka fi ruɗewa, don ana haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: koyar da Turanci a matsayin darasi, da koyar da dukan darussa da Turanci. Na farko yana da kyau a fara shi da wuri. Na biyu, ga yaron da ba ya jin harshen a gida, yana nufin zai koyi karatu da lissafi da sabon harshe duk a lokaci guda, daga bakin malamin da sau da yawa shi ma bai ƙware ba. Abin da ke biyo baya mun san shi: aji yana amsa malam da ƙarfi, ana hadda, ba a fahimta. A wasu makarantun har tara ake cin yaro ko a yi masa bulala don ya yi Hausa a aji, wai don ya iya Turanci, sai ya koyi yin shiru.

An gwada wannan a Najeriya. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara wani shiri inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarbanci shekara shida, Turanci kuma darasi ne a hannun ƙwararrun malamai. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, a fannoni da dama sun fi su, kuma Turancinsu bai samu naƙasu ba. Malesiya ta bi ɗaya hanyar, ta koma koyar da lissafi da kimiyya da Turanci a 2003, sai ta ga yaran karkara suna komawa baya, ta sanar da janye shirin a 2009. UNESCO tun 1953 take ba da shawarar a fara da harshen uwa.

Duk da haka manufar Najeriya tana ta kai da komo. Ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin, a 2022 aka ce a yi shekara shida da shi, a 2025 kuma gwamnati ta soke ta koma Turanci. A ganina matsalar ba ta taɓa zama ta harshen uwa ba. Ba a buga littattafan ba, ba a horar da malaman ba, sannan aka ɗora wa manufar laifin faɗuwar da ba a ba ta damar hanawa ba. Uban da ke son ɗansa ya iya Turanci, kuma yana da gaskiya tunda ba a shiga jami'a sai da kiredit a cikinsa, babban abin da zai yi masa shi ne ya tabbatar yaron ya iya karanta Hausa da fahimta tukuna.

11. Turanci yana kashe wasu harsuna? Hausa tana cikin haɗari?

Ya kashe, a inda masu shi suka zauna. Ostireliya tana da harsunan asali fiye da 250 kafin 1788, kaɗan ne yara ke tashi da su yau. A Amurka da Kanada an kwashe yaran 'yan asali zuwa makarantun kwana inda aka hana su harshensu da duka. A Ailan, harshen Irish ya koma na tsiraru a ƙasarsa.

A Afirka lamarin ya sha bamban. Ƙananan harsuna sun fi ɓacewa cikin manyan harsunan yanki irin Swahili, Wolof da ita kanta Hausa. A Bauchi da Filato da kudancin Kaduna akwai garuruwan da jikoki ba sa jin yaren kakanninsu, Hausa suke yi, kuma ya kamata mu riƙa tuna haka idan muna kukan danniyar Turanci. Hausa ba ta fuskantar mutuwa, ƙaruwa ma take yi. Aron kalmomi irin mota, tebur, kotu da asibiti, ko lakwal da mushe da 'yan Nijar suka ɗauko daga Faransanci, ba ciwo ba ne, haka kowane harshe mai rai yake yi. Haɗarin shi ne a bar ta a kasuwa da gida da waƙa, a hana ta shiga ɗakin gwaje-gwaje da ofis. Sai kuma gidajen 'yan boko a Abuja da Kaduna, inda ake samun yaran da ba sa iya gaida kakarsu da Hausa, iyayen kuma suna alfahari da hakan.

12. Zai dawwama a wannan matsayi? Na'urar fassara ba za ta raba mu da wahalar koyonsa ba?

Babu harshen da ya taɓa dawwama a sama. Isaac Newton da Latin ya rubuta babban littafinsa a 1687, don shi ne harshen malaman Turai a lokacin. Farisanci ya yi ƙarnoni yana harshen mulki a Indiya kafin Turawa su cire shi daga kotuna a 1837. A ƙasar Hausa, Larabci ne harshen ilimi da wasiƙun sarakuna, da shi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahi da Muhammadu Bello suka yi yawancin rubuce-rubucensu. Sai dai babu alamar magajin Turanci a kusa. Sin tana buɗe cibiyoyin Confucius tun 2004 don yaɗa harshenta, amma ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya je Guangzhou sayen kaya, da guntun Turanci da kalkuleta yake ciniki da mai masana'anta.

Fassarar na'ura ta yi nisa, kuma Google Translate ya sa Hausa tun 2013. Tana isa a karanta labari ko a tambayi hanya. Amma waɗannan na'urori daga rubutun da ke intanet suke koyo, mafi yawansa kuma Turanci ne (tambaya ta 7), shi ya sa Hausar da suke fitarwa sau da yawa ginin jimlarta na Turanci ne, kuma sukan yi tuntuɓe a kalmomin da tsawon wasali ko karin sauti ke bambanta su, irin gari na zama da gari na tuwo. Takardar yarjejeniyar kasuwanci, bayanin shan magani da takardun kotu, har yanzu sai an kai wa mutumin da ya san harsunan biyu ya duba kafin a sa hannu.